Wanda Farfesa Ya Ce A Bar Shi Ya Huta

"Ƙaro murya, Bok-rye, ga maƙwabcinki a talabijin," in ji ƙawarta Mal-sun mai busasshen kifi.

Bok-rye ta ajiye wuƙar yankan kabeji. Ga Pyo Man-gil kuwa a tsohon hoto, da baƙin gashi da farar kwat, zamanin da duk garinsu Mokpo ke rera waƙoƙinsa. Yanzu tsoho ne mai jan ƙafa, ba mata ba ɗa, ƙofarsa na kallon tata.

Wani farfesan halayyar ɗan'adam ne ke bayani a kansa. Ko hannu ba su taɓa haɗawa ba, amma ya feɗe shi tsaf. Ya ce mutane iri biyu ne, masu samun kuzari cikin jama'a, da waɗanda jama'a ke tsotse musu ƙarfi. Waƙoƙin Pyo, da yadda ya bar dandali ba sallama, duk sun nuna na biyun ne. Wai irinsu ziyara azaba ce, kawaici ne kawai ke hana su faɗa.

Mal-sun ta tuntsire da dariya. "Ashe gana wa dattijon azaba kike yi da wannan bakin naki."

Bok-rye ta yi yaƙe, amma maganar ta soke ta. Kullum da rana takan kai masa miyar ganyen teku, ta zauna ta yi ta zuba, shi kuwa sai gyaɗa kai. Ita da ko firamare ba ta gama ba, ina ita ina ja da farfesa?

Daga ranar sai ta riƙa rataye abincin a mariƙin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Da suka yi kiciɓis a matakala, ya tambaye ta ko wani laifi ya yi mata.

"Ko kusa, Malam. So nake ka huta."

Ya juya ya ja ƙafarsa ya wuce. Wannan ma ta ɗauke shi a matsayin shaida cewa farfesa ya yi gaskiya.

Kaka ta wuce, sanyi ya shigo. Wata safiya ta tarar da abincin jiya a rataye, miyar ta daskare. Ta kira mai gadin bene ya ɓalle ƙofar. Likita ya ce zuciya ce, kuma ya daɗe kwance da ransa kafin ya cika. Bok-rye ta ji duniyar ta fita daga ranta gaba ɗaya, ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Bayan an fita da gawar, ta shiga ta kashe masa wutar ɗumama ɗaki. Ashe ya jawo ɗan teburinsa daga ƙuryar ɗaki har bakin ƙofa. Kofuna biyu ne a kai. Nasa da sauran shayi, ɗayan kuwa a wanke, a gaban matashin da takan zauna a kansa.