Randar Masu Hanya

A layin su Laraba da ke unguwar Kalakla, ruwa da wutar lantarki sun daina haɗuwa tun shigowar zafi. Tashar da ke turo ruwa da safe take samun wuta, gidajen unguwa kuma sai da yamma. Ruwan nan kuwa malalaci ne, ba ya hawa famfo da kansa, sai an kunna motur, ɗan injin da kowane gida ya dasa a bakin ƙofa, ya zuƙo shi. To da safe ga ruwa kwance a bututu, motur a mace. Da yamma motur ya farka yana ta gurnani, ba abin da yake zuƙowa sai iska mai zafi.

Laraba ba wanka ne ya dame ta ba, ba wanki ba. Randa ce. A ƙofar gidanta, gindin dalbejiya, akwai randar sabil, ruwan sadaka na masu wucewa, da kofin silba ɗaure da sarƙa. Kakarta ce ta fara girke ta. Daga Haɗeja ta taso a ƙasa za ta Makka, ƙishirwa ta kusa hallaka ta a hanya, wani baƙo ya ba ta ruwa. Da guzuri ya ƙare a nan sai ta ce bari a ɗan huta. Hutun ke nan har yau. Ta bar ƙa'ida biyu: randar ba ta bushewa, ɗan gida kuma ba ya sha, ruwan masu hanya ne. Randuna sun fashe an sake, ƙa'idar ba ta taɓa karyewa ba. Yanzu ga shi a hannun Laraba za ta karye, domin gangar gidan da take kwasa tana zubawa ta kusa kai ƙasa, masu sayar da ruwa a amalanken jaki kuma tun a bakin titi ake wawashe su.

"Malam," ta ce wa mijinta Mainasara, "in randar nan ta bushe ina raye, da wane ido zan kalli kakata a lahira?"

Mainasara ya gyara rawani ya ce, "Allah na nan." Bai ƙara ba. Shi ba ya faɗin abu sai ya gama shi.

Ta kuma yi wa autarta Hanan, mai aure a Omdurman, ƙorafin a waya. Hanan ta gaya wa mijinta Isma'il. Isma'il mutumin kirki ne, sai dai kunyarsa ta suruki ta wuce ta mutane. Tun da ya auri Hanan bai taɓa haɗa ido da Mainasara ba. Zai durƙusa daga nesa ya ce, "Barka da hutawa, Baba," Mainasara ya amsa wa bango, shi ke nan hira ta ƙare sai wata Juma'a.

Wata Juma'ar suka zo. Isma'il ya maƙale a zaure kamar kullum. Mainasara ya kira Laraba gefe yana murmushi.

"Na je ofishin wuta. Akwai wanda na karantar da shi Alƙur'ani yana yaro. Daga gobe layinmu ya koma safe. Sai ki wanke randarki."

Laraba ta rangaɗa guɗa. Ba ta rufe baki ba Hanan ta ja ta ɗaki.

"Yumma, albishirinki! Isma'il na da aboki a ofishin ruwa. Ya sa an mayar da wutar tashar ruwa zuwa yamma, daidai da taku. Amma don Allah kar Baba ya ji, kar ya ce an raina shi a gidansa."

Laraba ta zauna a bakin gado. Ta miƙe yatsa ɗaya ta ce gida, ta miƙe ɗaya ta ce tasha, ta juya su, ta sake juya su. Sannan ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Musanya suka yi!"

Abin haushin ma, ashe sun haɗu a mota ɗaya ranar da kowa ya tafi nasa ofishin. Isma'il ya hango rawanin surukinsa, ya dunƙule a kujerar baya ya rufe fuska da jarida, Mainasara kuma ya gan shi sarai, ya kafa wa taga ido har aka sauka. Kalma ɗaya da ta isa. Ina!

Laraba ta fito tsakar gida ta tsaya tsakanin zaure da rumfar da Mainasara ke zaune, yadda kowa zai ji ba tare da an ce da shi ake ba. Ta ce wa tukunya, da ƙarfi, mutum ɗaya kawai ake so ya je ya janye nasa, ɗaya tak, ɗayan ya zauna. Daga rumfa aka yi gyaran murya. Daga zaure ma aka yi.

Mainasara ya kwana yana tunani: yaron nan ya yi ɗawainiya, a watsa masa ƙasa a ido bai dace ba, ni babba ni zan janye. Isma'il a Omdurman ya ce wa Hanan, "Aikin Baba ya rushe nawa ya tsaya? Allah ya sawwaƙe." Kowa ya tafi a ɓoye, kowa kuma ya yi nasara, don mutanen nan akwai farin jini. Tasha ta koma safe, gida ya koma yamma. Motur ya ci gaba da shan iskarsa.

Ran da Laraba ta karkata gangar ta tatse ɗan abin da ya rage a randa, bai kai rabin bokiti ba, ta naɗa mayafinta ta ce ba ta ƙara aiken namiji. Ta hau mota zuwa Omdurman neman abokin Isma'il. A kan gada ta leƙa ƙasa, ga kogi shimfiɗe maƙil, yana tafiyarsa ba ruwansa da kowa. Ta yi tsaki har ɗan kamasho ya waiwayo.

A ofishin ruwa maigadi ya ce, "Malesh, sai haƙuri, Hajja, babu wuta, kowa ya tafi gida." Ta sake tsallako gada zuwa ofishin wuta. Maigadin can ya ce, "Malesh, Hajja, babu ruwa. Ba alwala, ba shayi, wa zai zauna?" Ta tambaye shi yaushe za su dawo, ya ce in ruwa ya zo. Ta ce ruwan yaushe? Ya ce ai wannan sai ta tambayi ofishin ruwa.

Motar dawowa ta ajiye ta a babban titi, sauran a ƙasa ta tako, rana a tsakiyar ka. Harshenta ya manne da dasashi, ƙafa ta yi futu-futu. Tana jin kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, har ta so ta zagaya ta bayan layi don kada ta ga wani ya zura kofi ya fito da shi wayam. Amma ƙafa ta ƙi.

Daga nesa ta ga gindin randar a jiƙe. Wani direban raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya, ya buɗe murfin, ya tuttule rabin gorarsa a ciki, ya tafi ko waiwaye babu. Shamsiyya mai shayi, wadda ke zama a bakin layi, tana tsaye da buta a hannu.

"Tun hantsi ake haka," in ji Shamsiyya. "Wani lebura ne ya fara. Ya ce tun yana yaro yake sha a nan." Ta kamfato ta miƙa mata. "Ungo, Hajja, leɓenki duk ya tsage."

Laraba ta ja da baya. "Ɗan gida ba ya sha."

"Daga ina kike yanzu?"

"Omdurman."

"Kin shiga gida?"

"A'a."

"To."

Laraba ta dubi ƙofarta, taku kaɗan ya rage. Ta dubi ƙurar ƙafarta. Kowa Hajja yake ce mata, alhali daga kakarta har ita ba wadda ta ƙarasa tafiyar Makkar nan. Ta durƙusa a gindin dalbejiya ta karɓi kofin da hannu biyu. Ruwan da ɗumi, da ƙamshin na'ana'a, da ɗan warin jarka, ruwan gidaje ne da ba ta san adadinsu ba. Tun tana yarinya take wanke kofin nan, ba ta taɓa sanin bakinsa na da ɗan kaifi a gefe guda ba sai yau. Ta shanye tas, hawaye na bin kumatunta, ta miƙa wa Shamsiyya.

"Ƙaro mini."