Izgar Goɗiya

Dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan rufin gidaje ba ranar da aka ga Kinu tsaye a bayan farar goɗiyar mai gawayi, da almakashi a hannunta. Ta taje wutsiyar da yatsu, ta zaɓi dogayen sili, ta yanke, ta cusa a hannun rigarta. Ba ta ɓuya ba. Har tsayawa ta yi ta gaida matar mai awara da ke wucewa, ta tambaye ta ciwon bayan surukarta.

Kafin shinkafar rana ta nuna, magana ta iso mana a wurin wankan ruwan zafi, inda mu tsofaffi ke jiƙa ƙasusuwa da mutuncin mutane.

Ko yaron goye a ƙauyenmu ya san ba a tufka igiyar fatsa da izgar goɗiya. Fitsarinta na jiƙa wutsiyar kullum, yana cin gashin ta ciki. A ido lafiya lau, a hannu lafiya lau, sai ranar da babban kifi ya ja, ka ji tas, a bar ka riƙe da gorar kamu kawai. Izgar ingarma ake nema. Kinu kuwa ita ke tufka wa duk masuntan kwarin nan igiya tun tana amarya, tana murzawa a cinya, da kauri a gindi, tana rage sili har bakin ya koma kamar zaren gizo. In ta yanki izgar goɗiya, to ba mantuwa ba ce. Kuma duk mun san wanda aka yanko wa.

Mijinta Jinpei, kafin ya rasu, ya yi abin da masuntan da ke yi. Can sama akwai bangon dutse da ruwa ke faɗowa, kifi ba ya iya hawa, ƙoramar da ke bayansa ba komai cikinta sai duwatsu. Ya riƙa ɗibar 'ya'yan iwana, kifin nan mai ɗigo-ɗigo, a cikin gorar ruwa, yana goye su a baya yana hawa da su. Ya zuba, ya bar su shekara da shekaru bai jefa ƙugiya ba, wai ajiyar tsufansa ce. Duk wanda ya ci karo da irin wannan wuri, al'ada ita ce ya kau da kai. Ƙaninsa Matazo bai kau da kai ba. Ya bi sawun takalmin ciyawar yayansa, ya kwashe ƙoramar a damina ɗaya, har da masu ƙwai, har da waɗanda ba su kai yatsa ba. Da kifin ya samu shiga a masaukin baƙin da ke bakin ruwan zafi, ya zama masuncinsu.

Jinpei ya hau da gurguwar gwiwarsa, ya yini yana jifa, ko motsi. Ya dawo ya rataye gorar kamunsa a rufi, bai sake taɓa ta ba. Da ciwo ya kwantar da shi a hunturu, Matazo ya zo dubiya da ƙyafaffen kifi a ganye. Kinu ta ga jan cikinsu, irin na ƙoramar sama. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ko a wurin binnewa ba wanda ya ji ta ɗaga murya.

To, da bazara ta buɗe, Matazo ya zo karɓar igiyarsa. Shi ba ya iya tufka, sanyi ya cinye masa yatsu biyu tun yana saurayi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya ta a hannu. Fara sol, santsi, ba ƙulli ko ɗaya da ya fito.

"Yaya Kinu, an ce an gan ki wajen mai gawayi."

"An gan ni. Gawayi na je saye, ko an hana gwauruwa jin ɗumi?"

"An ce da almakashi."

"Bakin matan wurin wanka ke nan. Kai ma ka fara zuwa can ne, ƙanin miji? A ajiye maka wuri kusa da matar mai awara?"

Ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "Ina dai tambaya. Izgar wane doki ce wannan?"

"Farin doki."

"Ingarman gidanku fari ne, goɗiyar ma fara ce."

"Ka ga kuwa ka san dawaki," ta ce. "Jiƙa ta sosai kafin ka jefa. Ka gaida gida."

Ya tsallaka tudu zuwa wancan kwarin, wurin wani tsoho da shi ma yake tufka. Tsohon ya ce a'a, ai shi bana duk izgarsa daga hannun Kinu ta fito, don ingarman ɗan'uwanta ne kaɗai ya rage a yankin. Matazo ya dawo ya sa matarsa ta gwada da 'yan silin da ya roƙo. Abin da ta murza ya fito kamar hanjin kaza. Dole ya ɗaura ta Kinu a bakin gora.

Ya rataya wa igiyar dutse, ta riƙe. Ya ja da ƙarfi, ta riƙe. Amma ai izgar goɗiya ma haka take yi a farko, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Kamun nan namu ba shi da wani kayan aiki: doguwar gora, igiya daidai tsawonta, sai ƙwaron ƙarya da ake ɗaurawa a ƙugiya da gashin kazar daji, gashin na fuskantar gaba don ya riƙa buɗewa yana rufewa a ruwa. Kana tafe kana hawa rafin, ka jefa a bayan dutse, ƙwaron kaɗai ya taɓa ruwa, igiya na sama. Iwana na cafka ya ji ba nama ba ne, ya tofar kafin ka ƙifta ido. Cikin wannan ƙiftawar wuyan hannunka zai fizga. Ba ragowar igiya da za ka saki, ba dabarar da za ta cece ka. Ko ka amince da igiyarka, ko ka koma gida.

Hannun Matazo ya daina amincewa. Masu yankan katako da ke ganinsa daga tudu sun ce kifi zai taso fari fat, shi kuma ya ɗaga gorar a hankali kamar mai ɗaga ƙwai daga wuta. Ƙanana yana samu. Manyan, waɗanda masauki ke so a gasa da gishiri a jera wa baƙi, sai su yi masa wutsiya su nutse. Ya fara tsayawa tsakiyar rafi yana bin igiyar sili-sili da farce. Ya fara shan giyar shinkafa da safe, wai hannu ya saki.

Mu kuwa ba mu gajiya da gaisuwa.

"Sannu da ruwa, Matazo. Igiya dai lafiya?"

"Lafiya, Inna."

"To madalla. Jiya na ji wani abu ya yi tas, ashe icen murhu ne."

Tsakiyar damina na shiga gidan Kinu aron rariya, ta miƙo min wata sabuwa dal, saƙar farar izga, irin wadda ake tace wake da ita. Na dube ta, na dubi rariyar.

"Wannan fa?"

"Tsohuwar ta yage. Ai rariya ba ruwanta da fitsari."

"Duka izgar goɗiyar kika saƙa a nan?"

"Kin ga saura?"

Ban ga saura ba. Na fito da rariya a hammata da magana a baki mai zafi kamar dankalin da aka ciro daga toka. Ni da ba a taɓa jin labari ya kwana a cikina ba, wannan na haɗiye shi, ya yi min daɗi har ƙasa. Jinpei ya taɓa goya uwata zuwa wurin likita cikin ƙanƙara.

Da kaka ta kusa, mai masaukin zai aurar da ɗansa, ya ce yana son babban kifi a gaban kowane dattijo, da wani ƙato guda da za a tsoma cikin giya mai zafi a zagaya da shi. Ya gaya wa Matazo a fili cewa in bai iya ba, akwai wani masunci daga ƙasan kwari da ke ta kawo gaisuwa.

Matazo ya tafi babban gurbin da ke ƙarƙashin gadar igiya, mutane suka taru a sama suna leƙe. Ya jefa da kyau, wannan ba za a hana shi ba. Ƙwaron ya sauka kamar an ajiye shi da yatsu, ya ɗan girgiza bakin gorar, gashin ya buɗe ya rufe. Sai ga wani abu ya taso daga ƙarƙashin dutse, tsawon damtse. Ya cafka. Matazo ya fizga, wannan karon a kan lokaci, gora ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar ruwa. Abin da ya rage kawai ya riƙe gorar tsaye, ya ja da baya zuwa yashi. Igiyar ta miƙe tana kuka siriri. Yana jin kukan nan, ya sauke hannu.

Igiya ta yi sako-sako, kifin ya kaɗa kai sau ɗaya, ƙwaron ya dawo sama yana lilo, ba abin da ya same shi.

Ranar bikin, kifin mutumin ƙasan kwari muka ci. Ya yi gishiri da yawa, amma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ganye ya yi ja, an rufe kamu, Matazo ya yi rajista da masu aikin katako da za su tafi bayan duwatsu. Kafin ya tafi ya zo gidan Kinu. Ina zaune bakin murhu ana ɓare gyaɗar kurmi, ban kuwa ga dalilin tashi ba. Ya durƙusa, ya ajiye igiyar a naɗe a gabanta.

"Yaya, na rasa masauki. Abin da na yi wa Yaya Jinpei na sani, ke ma kin sani. Abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya min ta wace ce."

Kinu ta goge hannu a gwiwa. Ta warware igiyar, ta tsoma a kwanon ruwa ta bar ta ta sha har ta yi laushi. Sannan ta naɗe bakin igiyar biyu a tafukanta ta ja, ta ja har jijiyoyin wuyanta suka fito. Igiyar ba ta ce uffan ba.

"Bana dai ba ta tsinke ba," ta ce. Ta naɗe ta tsaf, ta miƙa masa. "Baɗi kuma ban sani ba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya karɓa, ya sunkuyar da kai, ya yi godiya.