Gishirin da ya kwana a injin Kabutey

Mijina Kabutey ya yi shekara talatin yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema. Da ya ajiye aiki muka dawo garinsu Ada, ya sayi ɗan farin jirgi mai inji a baya, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum shida. Ba na kamun kifi ba ne, na shan iska ne kawai. Duk Lahadi bayan coci sai mu gangara inda kogi ya haɗu da teku, mu ɗan shiga ciki mu dawo.

In muka dawo ba ya cin abinci sai ya wanke injin. Yakan jawo jirgin ƙarƙashin rumfa, ya tsoma ƙafar injin a rabin duro na ruwan famfo, ya tayar da shi, ya bar shi yana zuƙar ruwan daɗi yana fitarwa. Ya ce ruwan teku in ya bushe a ciki, gishirinsa yakan toshe hanyoyin ruwa ya ci ƙarfe. Ni ke riƙe masa tiyo, ina mita tuwon dokunu yana hucewa.

Lahadin ƙarshe bai wanke ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, sai gobe. Goben a asibiti ta same mu, ranar Talata ya rasu.

Mu ba ma gaggawar binne mutum. Aka kai shi ɗakin ajiye gawa, dangi suka sa jana'iza sai bayan wata biyu. A tsibirin mahaifiyarsa za a binne shi, kuma ya sha faɗa gaban kowa cewa a jirginsa za a ƙetare da shi. Amma a gidansu ba a taɓa kayan mamaci, balle matarsa ta taɓa, sai ranar jana'iza. Yayarsa Maku, tsohuwa mai bandar kifi, ta kulle ɗakinsa ta ɗaura jan ƙyalle a jikin jirgin.

Kwana goma sha tara ban tuna da injin ba. Ran nan iska ta ɗage tamfol ɗin da aka rufe jirgin da shi, na hango farin abu ya daskare a kan farfela kamar garin rogo. In aka bar shi wata biyu haka, a kwalekwalen haya za a kai Kabutey.

Na sami Maku tana juya kifi a kan wayar banda.

"Yaya, jirgin nan bai sha ruwan daɗi ba tun ranar."

"Ke da ba ki ci abinci ba tun ranar, jirgi ne ya dame ki?"

Na yi mata bayani yadda na iya.

"Kin san ba a taɓawa," in ji ta. "Gobe dangi su ce matar Kabutey ta fara kwasar kaya tun kafin a sa shi a ƙasa."

"Ba ɗauka zan yi ba, Yaya. Wanki ne. Shi ma ai ku za ku yi masa wanka kafin a sa shi a akwati."

Ta ajiye kifin da ke hannunta. Sannan ta goge hannu a zane. "To ke ki tsaya nesa, hannunki a baya. Bakinki dai ba a ɗaura masa ƙyalle ba."

Ita ta gangaro da duron, ita ta cika shi. Ina tsaye ina faɗa mata: sauke ƙafar injin har ruwa ya rufe farfela, matsa robar mai har ta yi tauri, ja igiya. Ta ja sau huɗu, shiru.

"Taurin kai irin na mai shi," ta ce tana haki.

A ja na bakwai ya yi tari, ya kama, hayaƙi ya cika rumfar. Maku ta juyo tana murmushi, amma ni wani ɗan rami nake kallo a bayan injin. Ta nan ruwa ke tsartuwa in hanyoyin ciki a buɗe suke. Kabutey yakan ce in inji bai yi fitsari ba, a kashe shi, in ba haka ba ya ƙone. Ko ɗigo babu.

"Kashe, Yaya. Samo tsinken tsintsiya ki zura a ramin nan."

"Da tsufana, ni ce mai sa inji fitsari."

Ta zura, ta juya, farin gari ya zubo. Ta sake jan igiya. Da farko ɗigo, sai ya tsarto da ƙarfi har ya jiƙa mata zane. Ta yi tsalle baya tana zagin ƙaninta da sunan da take kiransa tun yana yaro.

Na zauna a ƙasa. Na yi kukan da ban samu na yi ba a asibiti, amma ƙirjina ya yi sakayau. Muka bar injin yana ta zuƙar ruwa har na duron ya yi ɗumi.

Maku ta kashe shi, ta mayar da jan ƙyallen yadda yake.

"Duk Asabar zan zo mu tayar da shi har ranar," ta ce. "A jirginsa zai tafi."