Ƙullin Irin Inna

Ranar wata Juma'a ce a farkon Disamba. Rana ta fito tas amma ba ta da ƙarfi, sanyi na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ran nan ne Muƙaddas ya kwance ƙullin tsumman da mahaifiyarsa, Inna, ta aiko masa har garin Sabha, can ƙetaren hamada a ƙasar Larabawa. Irin jar kuɓewa ne, ƙwaya sittin. Tun zamanin kakarsa ake shuka ta a bayan gidansu. Yanzu garin nasu ya watse, Inna tana zaune wurin ƙanwarsa a birni, ba ta da ko tafin hannu na ƙasa. Saƙonta a waya gajere ne: abin da ya rage ke nan, kada ya ƙare a hannunka.

Muƙaddas mai walda ne a unguwar Mahdiya, bai taɓa yin lambu na kansa ba. Amma ya tashi yana ganin mutanen garinsu na sauka fadama da zarar sanyi ya kama, don haka a wurinsa lokaci ya yi. Ya ari fartanya, ya kafce gefen tsakar gidan da suke haya.

Mai gidan, Hajja Sa'da, tsohuwa ce 'yar asalin yankin nan na Fezzan wadda ta tsinci Hausa a bakin kakarta. Ta tsaya a kansa da sandarta.

"Ɗana, kuɓewa ba ya son sanyi. Jira sai an yi wa dabino aure."

Wato sai wajen Maris, lokacin da ake hawa bishiyar dabino ana sa mata ƙurar furen namijin dabino. Muƙaddas ya yi dariya, ya ce Hajja ta bar wa 'yan gida harkar kuɓewa. Matarsa Ɗijatu ta ce to ya rage ko rabi. Ya ce mai rabin zuciya ba ya cika rumbu. Ya binne sittin ɗin kaf.

Aka kwana biyu ƙasa shiru. Ya ɗauka ƙishi ne, ya riƙa kwarara ruwa safe da yamma har wurin ya zama caɓi.

"Baban Batul, shinkafa ka shuka ne ba mu sani ba?" in ji Ɗijatu.

Ya ci gaba da kwarara ruwansa. Da tsiro sha tara suka leƙo a jikin katangar da rana ke duka, sai da ya kira ta daga madafa ta zo ta gani da idonta.

Wata safiya a cikin Janairu ya fito alwala, ya tarar ruwan buta ya yi ɓawon ƙanƙara. Bai taɓa ganin haka ba a rayuwarsa. Ya juya wajen katanga. Shukar ta kwanta, ta yi baƙi kamar ganyen da aka tafasa. Huɗu ne kawai a tsaye, waɗanda tankin ruwa ya yi wa rumfa.

Bai je shago ba ran nan. Ya ɗauko rariyar Ɗijatu, ya durƙusa cikin caɓin, yana ɗiba yana tacewa, yana neman waɗanda ba su fito ba. Yatsunsa suka sandare. Yawancin ƙwayoyin da ya taɓa sai su fashe kamar dafaffen wake. Ɗijatu ta ga rariyarta na yagewa, ta buɗe baki, ta kalli fuskarsa, ta koma ta ɗora masa shayi. Kafin azahar ya tsamo shida masu tauri.

Daga nan ya wanke hannu, ya je ya tsuguna a ƙofar Hajja Sa'da. Ba ta yi masa gori ba, sai dai ta sa ya jira har ta gama lazimi. Ta ce ƙasar nan in ta yi sanyi riƙe ruwa take, iri ya ruɓe a ciki. Ya riƙa tura yatsa, in ya ji danshi ya ajiye bokiti. Ta ba shi manyan gwangwanaye, ta ce ya ciro huɗun da ƙasarsu, kada saiwa ta ga rana.

Haka ya yi ta yi har sanyi ya wuce. Da hantsi ya fito da gwangwanayen, kafin magariba ya bar walda ya dawo ya shigar da su ɗaki. Abokan aikinsa suka sa masa suna mai jego. Ɗaya ta bushe a gwangwani. Duk ranar da Inna ta kira ta tambaya, amsarsa ɗaya ce: "Tana nan da rai, Inna."

Ranar da ya hangi mutum a kan dabinon maƙwabta, ya mayar da ukun ƙasa. Cikin ƙwayoyi shidan da ya tsamo ya shuka uku, ya ƙulle uku a tsumman Inna, ya miƙa wa Ɗijatu ta ajiye inda shi ma bai sani ba.

Cikin sittin, talatin da biyar sun ruɓe a caɓi, sha biyar ƙanƙara ta ƙone, ɗaya ta mutu a gwangwani. Sai rariyar Ɗijatu da ta yage.