Rumbun Kawu Na Allah

A Kona ba a tambayar mutum dami nawa ya zuba a rumbu, don ana tsoron baki da 'yan roƙo. Shi ya sa ƙungiyar manoman da Na Allah ke shugabanta take rasa babban mai saye, don ba wanda ya san yawan hatsinsu. Kowa aka tambaya sai ya ce, "Mun samu ɗan kaɗan."

Bana Hindatu, ɗiyar ƙanwarsa mai aikin ordinata, wato kwamfuta, a Yamai, ta zo da dabara.

"Kawu, kowa ya sa adadinsa a salula ya kulle. Na'ura za ta haɗa lissafin a kulle, ba ta ga na kowa ba, ta rubuta jimilla a blokcen, wani kundi na intanet inda ba mai gogewa."

"Ta ƙirga abin da ba ta gani ba? Ke, kin raina ni!"

Aka gwada. Hatsin da ya fito a lissafin ya isa cika tirela biyu. Na Allah ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Ashe munafukan nan duk sun ƙoshi! Ina ake zuba jari a wannan na'ura? Yau zan sai da bijimina!"

"A hankali, Kawu, abin sabo ne, ana iya asara. Kai dami nawa ka sa?"

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe.

"Na'urar ma ba ta sani ba, sai ke?"