Riguna Tara Masu Sunan Baba

Ni dai aikina rubuta sunayen 'ya'yan mutane a wuyan riga. Da zarar hutu ya kusa ƙarewa, iyaye mata sai su cika mini shago da kayan makaranta, kowacce da 'yar takardarta, in ɗinke sunan da jan zare ta ciki, don kada yaro ya tafi da sabuwa ya dawo da tsumman wani. Keken ɗinki ɗaya gare ni, da benci, da fanka mai ƙarar injin niƙa, amma alhamdulillahi, ba na ƙorafi.

A irin wannan makon ne matar Autanmu ta haihu. Namiji! Mu biyar ne a wurin Baba, mata huɗu sai Auta, mu kuwa duk 'ya'yan da muka haifa dangin mazajenmu ne suka zaɓa musu suna. Saboda haka kowa ya san abin da Baba yake jira, ko da yake bai taɓa furtawa ba. Shekara talatin yana tuƙa tasi, bai daɗe da ajiyewa ba, ga jikoki goma sha ɗaya, amma babu mai sunansa. Bashir. Bakina ba ya iya kiransa, kunya nake ji, amma allurata ta rubuta shi ya fi sau ɗari.

Kwana uku da haihuwar sai ga Auta a shago da farin zanen jariri, wai in rubuta suna a gefe.

"Wane sunan?" na tambaye shi, kamar ban sani ba.

Ya sosa ƙeya, ya zaro waya. "Yaya, na fa duba sunan Baba. Larabci ne, mai kawo labari mai daɗi, tushensu ɗaya da albishir. Ma'ana dai ba laifi. Amma kin ga, har ƙasashen da ban taɓa jin labarinsu ba akwai shi. A ofishinmu kaɗai su uku ne, sai an ce dogon, ko na sama, ko mai tabarau. Ni so nake in an kira ɗana, shi kaɗai ya waiwayo."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ji nake kamar in kwaɗa masa katakon awo a ka. Amma na san halin Auta, in ka matsa masa sai ya kafe.

"To sai ka zauna ka yi tunani," na ce. "Kafin nan ninke mini rigunan nan, ka ware su suna-suna. Ba a zaman banza a shagona."

Ya hau aiki yana ƙunƙuni. Can sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya nuna tulin da ya fi tsawo, na masu sunan Baba. "Tara, Yaya! Makaranta ɗaya, mutum tara! Kin ga abin da nake faɗa miki?"

Ban kula shi ba, don na hango mai sayar da kwanuka ta bakin layi tana tahowa karɓar rigar ɗanta. Ɗabi'ata ce in tambayi kowace uwa inda ta samo sunan, hannu ya fi sauri in baki yana motsi. Ita kam na riga na ji nata tun bara. Da gangan na sake tonowa.

"Ƙawata, wai ni sunan wa kika ce yaron nan ya ci?"

"Ke dai bari," ta ce, ta sauke tirenta ta zauna a benci. "Wani dattijo ne mai tasi. Naƙuda ta kama ni a bakin titi da rana tsaka, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mota uku suka wuce mu ni da ƙanwata, kowa yana tsoron a ɓata masa kujera. Shi kuwa bawan Allahn nan ya tsaya, ya ba fasinjojinsa haƙuri ya sauke su, ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa mini a baya. Duk hanya yana cewa, 'Saura kaɗan, 'yata, saura kaɗan.' Ƙarya yake, wallahi da nisa, amma ta yi mini amfani. Da muka isa, ƙanwata ta leƙa ta taga ta tambayi sunansa. Mijina yana ji ya ce shi ke nan, an gama zaɓe."

Ta karɓi rigar ta tafi. Ban taɓa gaya mata ko ni 'yar wace ce ba.

Na jawo sauran takwas ɗin na baje a teburi. "Wannan sunan kakansa ne. Wannan ubansa ya ɗauko a wurin wani ɗan ƙwallo. Waɗannan uku ban sani ba, iyayen ba su da surutu. Amma waɗannan ukun, da wadda ta fita yanzu, duk fasinjojin Baba ne. Masu shaguna na kan titin nan sun san shi, in mace ta matsu shi ake tarewa."

"Ya sani?"

"Na gaya masa. Ya ce in rage surutu in yi aikina."

Ya daɗe yana kallon jan zaren. Daga nan ya turo mini zanen jaririn, idonsa a ƙasa. "Ki rubuta shi manya-manya, Yaya."

Da la'asar na rufe shago muka tafi gida tare. Muka tarar da Baba a kujerarsa ta ƙofar ɗaki yana murɗa rediyo. Auta ya shiga ya ɗauko jaririn a cikin sabon zanen, ya durƙusa.

"Baba, ga takwaranka."

Baba ya kashe rediyon. "Kai kuma! Duk sunayen duniya ka rasa sai wanda ya cika gari?" Faɗa yake yi, amma muryar ta ƙi ba shi haɗin kai. Ni kam tuni na fara share ido da gefen mayafi, don daɗi.

Ya goge hannuwansa a jikin riga, ya sake gogewa.

"Duk waɗanda na kai, a ƙofar asibiti nake juyawa," ya ce. "Ban taɓa riƙe ko ɗaya a cikin jariransu ba. Miƙo mini wannan."