Abin da Arnulfo ya tsaya kallo a ƙarƙashin ruwa

Shekara goma sha tara Arnulfo Haylock ya yi yana nutso a tekun Moskitiya, yana tsamo manyan jatan lande daga kogunan duwatsu da ƙugiya. Ranar da abin ya same shi, kwanansu tara a babban jirgin kamun jatan lande, tukunyar iskar da ke bayansa kuma ita ce ta goma tun safe.

Tiburcio, yayan matarsa, shi ke riƙe masa kwalekwale a sama yana bin kumfarsa. Da zai miƙa masa tukunyar sai ya ce, "Kai, idonka ya yi ja kamar na tsohon zakara. Ka huta mana."

"In huta ƙanwarka ta ci me? Kai za ka ciyar da ita, da wannan tumbin naka?"

Ya gyara gilashin fuskarsa ya tsunduma.

Can ƙasa, inda haske ya fara dusashewa, ya tarar da ɗan kunkurun teku, irin mai baki kamar na shaho, bai fi faifai girma ba. Ya kafa hannayensa a jikin dutse yana ɓantarar soson teku, yana taunawa a nitse. Ƙoƙon bayansa launin zuma ne da baƙi, hawa-hawa. Arnulfo ya ci naman irinsa ba adadi, amma bai taɓa ganin ɗaya yana cin abinci ba. Kunkurun ya ɗago ya dube shi, ya ci gaba da abin da yake yi. Arnulfo kuwa ya saki ƙugiyar ta yi lilo a hannunsa, ya tsaya.

Tukwanen jirgin ba su da agogon da ke nuna yawan iskar da ta saura. Ya ja numfashi ya ji ya yi tauri, ya sake ja bai samu komai ba. Sai ya yi sama da gudu, ba tsayawa a hanya, abin da kowane mai nutso ya san ba a yi, don yakan shanye jikin mutum.

Tiburcio ya jawo shi cikin kwalekwale. Kafin su isa jirgi ya ji kamar an soka masa wuƙa a gadon baya, daga nan ƙafafunsa suka daina jin katakon da ke ƙarƙashinsu.

Tiburcio ya roƙi kyaftin ya juya da su gari, inda akwai ɗakin ƙarfen da ake saka masu irin wannan ciwo. Kyaftin ya leƙa rumbun ƙanƙara, ya ga bai cika da jatan lande ba, ya ce, "Mutum arba'in ne a jirgin nan. Ka ba shi ƙwayar ciwon kai, gobe zai miƙe." Sai da suka ƙara kwana uku. Likita ya ce da an kawo shi ran farko, da wata magana ce.

A garinsu Kaukira mutane suka yi ta zuwa dubiya. Tsofaffi suka ce matar ruwa, aljanar teku, ya gani, ita ta taɓa shi.

"Kunkuru na gani," in ji Arnulfo.

"Kunkuru?"

"Yana cin abinci."

Wasu suka kawar da kai suna danne dariya. Matarsa Delmira ba ta yi dariya ba. Ta ajiye masa ƙwaryar kunun ayaba da madarar kwakwa, ta ce, "Baban Nelci, don Allah ka riƙa ce musu matar ruwa ce. Ya fi sauƙin ji."

Bayan wata takwas, masunta suka tsamo wani kunkuru da injin jirgi ya tsage wa baya. Wani malamin makaranta ya buga wa masu ceton kunkuru waya. Kafin rana ta karkata sai ga jirgin ruwa mai inji biyu, da mutum huɗu cikin riguna iri ɗaya. Suka naɗe kunkurun da jiƙaƙƙen tawul, wata baturiya tana shafa kansa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Arnulfo yana zaune a keken guragu a bakin gaɓa, Tiburcio na riƙe da shi.

"Awa nawa kuka yi a hanya?" ya tambayi direban.

"Huɗu. Ruwa ya yi kyau yau."

Baturiyar ta ji an ce tsohon mai nutso ne, ta matso da fara'a ta tambaye shi ko ya taɓa haɗuwa da irin wannan kunkuru a ƙarƙashin ruwa. Ya ce sau ɗaya. Ta ce lallai ya yi sa'a, mutane na tsallako ƙasashe don su ga haka. Ta ba shi riga mai hoton kunkuru a ƙirji, ta ɗauki hotonsa da ita.

Da jirgin ya tafi Tiburcio ya tofar da yawu. "Kawo nan in goge inji da ita."

Arnulfo ya juya rigar ya duba ɗinkinta. "Bar ta. Za ta yi wa Nelci."

Tayar keken ta nutse cikin yashi, sai da Tiburcio ya juya shi ya ja shi da baya har gida.